Shekarar da Na Shuka Ciyawar Teku a Randa

Jamila, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki sassauta mini magana don ta yi daɗin ji. Wannan labarin ubanku ne, ku Sale da Mairo, kakan sauranku. Na sha fara shi ina fasawa. Abin da kuka tashi kuna ji game da rasuwarsa ba haka yake ba, kuma ni na bar shi ya zauna a karkace, don haka ni ya kamata in miƙe shi tun ina da baki.

Ba da ciwon muka baro gida ba. A hanyarmu ta zuwa Makka ya same shi, a duwatsun Darfur, inda muka yi shekara uku muna ƙodago a gonakin mutane don mu tara guzuri. Mutanen wurin da yawa suna da maƙoƙo, maza da mata, har ba sa lissafa shi cikin ciwo. Na Malam, ubanku, ya fara kamar ƙwan zabo a ƙarƙashin maƙogwaro. Lokacin da muka tsallako teku muka kafa bukkarmu ta gwangwani a Misfala, ya kai lemo. Da aka shiga shekarun babban yaƙin Turawa, jiragen alhazai suka ɗauke, abinci ya yi wuya a Makka, maƙoƙon ya kai ƙoƙon fura. Sana'ar Malam ga-ruwa ce. Sanda a kafaɗa, garwa biyu, daga bazan inda unguwa ke ɗiban ruwa zuwa gidajen da ke kan tudu, tun hantsi har rana ta faɗi. Kafin ku gan shi kun ji shi, don numfashinsa fito yake yi kamar iska a ramin gwangwani. Ya daina kwanciya, a zaune yake barci, bayansa a jikin bango. Muryarsa ta dushe har karatun salla ya koma motsin leɓe. An yi rubutu, wanzami ya yi ƙaho, an sha Zamzam an shafa. Shi kuwa bai fasa barkwancinsa ba. Yakan ce Allah ya ga rigarsa ba aljihu ne, sai Ya ɗinka masa ɗaya a wuya.

Cikin waɗanda yake kai wa ruwa akwai wata tsohuwa mutumiyar ƙasar Sin, muna ce mata Hajiyar Sin. Da mijinta ta zo aikin Hajji, ya rasu a Muzdalifa, yaƙi ya rufe hanya, ta maƙale a wani gidan wakafi na mata marasa kowa. Ƙafafunta 'yan mitsi-mitsi ne, tafiyar kamu goma sai ta dafa bango. Malam yakan hau mata da garwa guda kullum, bai taɓa karɓar ko sisinta ba. Wata rana bayan la'asar sai ga ta a bakin bukkarmu, ta haɗa gumi, da ƙunshi a hammata. Ta zauna a tabarma ta kwance tsumma uku kafin abin ya fito. Wasu baƙaƙen ɓawo ne dogaye, an nannaɗe su, busassu ƙarau kamar tsohuwar igiyar fata, da farin gari a jikinsu kamar kanwa. Suna ƙarnin kifi. Ta nuna wuyan Malam, ta nuna gaɓar yatsanta guda, ta yi alamar jiƙawa da dafawa.

"Kullu yaum," in ji ta. "Shuwayya, shuwayya."

Wato kullum, kaɗan-kaɗan. Iyakar Larabcinta ke nan, nawa ma bai fi shi da yawa ba a lokacin.

Malam ya juya abin a hannu ya ce shi dai ya ci wahala iri-iri a hanyar Makka, amma bai taɓa zaton za a kai ga cin takalmi ba. Duk da haka ya ci. Nakan yanki tsawon gaɓar yatsa daga ciki in jiƙa tun safe, in yayyanka a miyarsa shi kaɗai. Na samo zare na auna wuyansa na yi ƙulli, duk Juma'a in sake aunawa. Wata na fari ban ga komai ba. A na biyu zaren ya yi sako-sako. A na uku sai da na yi sabon ƙulli, tsakaninsa da na farko faɗin yatsa biyu. Fiton nan ya ragu. Wata asuba na ji Fatiha a bayyane daga inda yake salla, muryar da na yi shekara huɗu ban ji ba, na bar wutar da nake hurawa na zauna ina kuka. Ke Mairo kina goye a lokacin. Kai Sale ka tambaye ni wane baƙo ne a ɗakinmu.

Daga nan tsoro ya shige ni. Kullum in na buɗe ƙunshin sai in ga ya ragu. Na auna da yatsa, na ga in aka bi yadda tsohuwar ta ce zai kai mu shekara guda da 'yan watanni. Bayan nan fa? Ba wanda ya san ranar ƙarewar yaƙi. Na zaga kasuwar Suƙ Sagir rumfa-rumfa da ɗan guntu a hannu, masu kayan ƙamshi suna shinshinawa suna miƙo mini. Sai na ɗauki tsohuwar muka je wurin wani tela ɗan ƙasarsu da ya daɗe a Makka yana jin Larabci sosai, na ce ya tambayar mini ita inda ake samun irinsa.

Ki rubuta wannan da kyau, Jamila, kada wani ya ce ban fahimta ba ne. Telan ya yi mini bayani dalla-dalla, har sau biyu. Ya ce abin nan a cikin teku yake fitowa, can arewa da ƙasarsu, inda ruwa ke daskarewa a bakin gaɓa. Mai yankansa in ya tsoma hannu, kafin ya ƙirga ashirin hannun ya mutu. Ba ya shan ƙasa kamar sauran tsiro, dutse yake kamawa a ƙarƙashin ruwa, zurfin tsayin mutum biyu ko uku, inda igiyar ruwa ke kaɗa shi dare da rana. Cikin watannin sanyi yake girma, ya kai gaba uku ko fiye, ruwa na fara ɗumi kuwa sai bakinsa ya soma ruɓewa. Sannan a yanko a shanya a kan tsakuwa, fatake su kai wa mutanen tudu masu ciwon wuya. Ya ce ko tekun Jidda ba ya fitar da shi, don ruwansa kamar na wanka ne. Ba shi da ƙwayar da za a riƙe a hannu, wanda aka busar kuma ya mutu. Tsohuwar tana ta gyaɗa kai, ta ƙara da cewa wanda ta ba mu shi ne duk abin da ta zo da shi.

Na ji duka, na yi godiya, na dawo gida ban yarda ba.

Ni 'yar manomi ce daga ƙasar Kazaure. Ina yarinya aka yi wata yunwa, muka koma cin dusa da tafasa. Babanmu yana da dami biyu na gero da ya ware na iri, a rataye a rufin ɗaki. Ƙanena ya rasu a ɗakin nan, damin yana lilo a kansa, babanmu bai sauko da shi ba. Innarmu ta yi wata uku ba ta yi masa magana ba. Da ruwa ya sauka, gidanmu kaɗai ke da abin shukawa, rabin ƙauye suka zo da ƙoƙo, kuma daga damin nan aka tashi. Da wannan aka raine ni. A wurinmu wanda ya cinye iri ya fi ɓarawo laifi. To ga ni da abin da babu irinsa a Makka, ina yanka shi ina zubawa a miya har ya ƙare. Ga shi kuma kullum ina gani da idona: in na jefa baƙin ɓawon nan a ruwa sai ya buɗe, ya ninka faɗinsa, ya yi kore-kore, ya yi yauƙi da sheƙi kamar yanzu aka tsinko shi. Ta yaya za a ce mini wannan matacce ne? Rogo ma ba shi da ƙwaya, kara ake dasawa. Zogale in ka soke reshe a ƙasa sai ya kama. Na ce a raina tela ɗinki ya sani, tsohuwar kuma 'yar birni ce, ba su taɓa dasa komai ba. Maganar sanyi kuwa, ni sanyin da na sani a duniya shi ne na ruwan randa da asuba. Ƙanƙara sau biyu na taɓa ganinta, ta faɗo da ruwan sama ta narke a tafin hannuna. Da aka ce ruwa mai sanyi, randa na gani.

Na yanki kamu guda, abincin wata ɗaya ke nan. Na ja babbar randarmu zuwa lungun da rana ba ta kaiwa, na cika ta, na zuba gishiri har ruwan ya yi ɗanɗanon hawaye, na naɗe ta da buhu. Buhun yana son jiƙo sau biyar a yini, ruwan ciki kuma na ce a riƙa sauya shi tunda an ce abin yana son ruwa mai motsi. Sai na ce wa Malam ya ƙara mana garwa biyu kullum, wai wankin yara ya yi yawa. Ya ƙara sawu ɗaya a kan sawayensa. Kwana biyu abin yana sheƙi, ina leƙawa ina murna. A na huɗu ruwan ya yi kauri. A na shida ya narke ya zama baƙin majina, ɗoyinsa har waje.

Na ce laifin gishirin kasuwa ne. Maƙwabciyarmu Iya Gambo, Bakatsiniya mai tuyar ƙosai, mijinta yana bin raƙuma tsakanin Jidda da Makka. Na sayar da mundayena biyu na ba shi ya ciko mini salka huɗu da ruwan teku na ainihi. Iya Gambo ta tsaya a kaina tana kallo ina ɗaure ɓawon a jikin dutse da zare, tunda an ce dutse yake kamawa. Wannan karon kamu uku na sa, har da ɓangaren da ya fi kauri, wanda na ɗauka shi ne gindin.

"Kulu," ta ce, "wannan abin da kike yi, maigidan ya sani?"

Na ce mata in ya tsiro zai sani. Ta ce ita dai ta ga masu dasa dabino da masu dasa lalle, yau ta ga mai dasa fata. Muka yi dariya, har da ni.

Zafi ya riga ya shigo. Wanda bai zauna a bukkar gwangwani a Misfala da bazara ba, ba zai gane ba. Iska tana busowa kamar daga bakin tanderu, buhun da na jiƙa kafin in juya ya bushe. Na riƙa fifita randar da maficin da ya kamata in fifita ku. Kwana uku wannan ya yi.

Abin da ya rage a ƙunshin bai fi na wata huɗu ba, don ina ta ba Malam nasa a tsakani. A nan ne ya kamata in tsaya. Na zauna da ƙunshin a cinya na yi lissafi irin na wanda ya riga ya yi asara. Na ce wata huɗu ba za su cece shi ba, sai dai su jinkirta. In kuwa abin ya kama, Malam ya tsira har abada, da shi da duk mai maƙoƙo a Misfala. Na ce waɗancan sun mutu ne don sun yi kaɗan, tsiro yana son 'yan'uwa. Akwai salka guda da ta rage. Na yi bisimilla na zuba duka.

Daga ranar na koma sa masa lalo a miya don yauƙin, da ɗan busasshen kifi don ƙarnin. Kwana biyar yana cin miyar a haka. A na shida ya dawo da azahar, ya sauke garwa, maimakon ya zauna sai ya wuce lungun nan ya ɗaga faifan da na rufe randar da shi. Ya daɗe yana kallo. Ina tsaye a bayansa da ludayi a hannu.

"Ya kama?" ya ce.

Na ce bai kama ba.

"Saura nawa?"

Na ce babu.

Ya mayar da faifan a hankali. Na jira faɗa, na jira ko saki ne, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "To, uwar Mairo, ki wanke randar da kyau, yara na sha a ciki." Ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce kada in gaya wa tsohuwar nan, ta ba mu abin da ba ta da wani, ba sai ta ji inda ya tafi ba. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ni kuma na riƙe wannan umarni nasa da hannu biyu, don ya yi daidai da abin da nake so.

Ciwon bai dawo da gudu ba. Wata biyu zaren yana nan a ƙulli na biyu, har na fara cewa ko an warke ne. Sannan ya fara matsewa. Kafin azumi mun koma ƙullin farko, bayan Hajji zaren bai zagaya ba sam, na daina aunawa. Fatiha ta koma motsin leɓe. Ya koma jikin bango. Yana ci gaba da kai wa Hajiyar Sin ruwa, yana naɗe wuyansa da rawani har haɓa, in ta tambaya da hannu ya ce alhamdu lillahi. Barkwancin ne kawai ya ragu, don magana ta zama aiki. Shekaru da yawa bayan haka, kai Sale ka zo mini da zancen wani likita, wai maƙoƙon da ya tsufa ba lalle ya ji magani ba, wai ko an ci gaba da ba shi ƙila ƙarshen ɗaya ne. Na san don ka sanyaya mini rai ka faɗa, ba tare da ka san abin da ke cina ba. Likitan bai riƙe zaren ba. Ni na riƙe.

Da zafi ya zagayo, wata Talata da hantsi, ya faɗi a matakalar wani gida a kan tudu, garwa biyu suka kife. Abokan sana'arsa huɗu suka kawo shi a kan tabarma. Leɓunansa sun yi baƙi, ƙirjinsa yana ja kamar zai tsage, iska ba ta wucewa. Na tallafe kansa a zaune, ina ɗiga masa Zamzam yana dawowa ta gefen baki. Idonsa biyu, yana kallona, ba kallon tuhuma ba. Haka muka yi har aka kira la'asar. Kafin a idar ya cika. Aka sallace shi a Harami da magariba aka kai shi maƙabartar Ma'alla.

Rana ta uku ina zaune cikin takaba, mata sun cika bukka har waje. Magana tana zagayawa ƙasa-ƙasa, kamar yadda ake yi a gidan makoki. Wata ta ce ai mutumin nan da ciwonsa yake ta fama shekara da shekaru bai mutu ba, sai da aka fara ɗura masa ciyawar da ba a san asalinta ba. Wata ta ce irin wannan magani haka yake, ya kwantar da ciwo ya tara shi, rana ɗaya ya taso gaba ɗaya. Wata ta ce su waɗannan mutanen Allah kaɗai ya san abin da suke ci. Na ɗaga ido na dubi Iya Gambo, ita kaɗai ta san komai. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Ta bar mini maganar, don tawa ce. Ni kuma na ja mayafi na rufe fuska, aka ɗauka kuka ne ya hana ni magana.

Ana cikin haka sai ga Hajiyar Sin. Daga gidan wakafin zuwa wurinmu, da ƙafafun nan nata, ban san tun yaushe ta taso ba. Kwana uku ba a kai mata ruwa ba, da haka ta gane. Ba wadda ta matsa mata a tabarma. Wata daga baya ta ce ga mai ciyawar nan ta iso. Ba ta jin Hausa, amma ba wanda ba ya jin irin wannan shirun. Ta ratso har gabana ta durƙusa, ta kama hannuna. Ta nuna gaɓar yatsanta, ta nuna bakinta.

"Kullu yaum?"

Tana tambaya ko na ba shi kullum, yadda ta ce. Mata sun zuba mana ido. Kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya, kuma ina da ita a Larabcin ma.

Na gyaɗa kai.

Ta saki hannuna ta zauna daɓas a ƙasa. Ta daɗe tana kallon bangon da yake jingina. Na ga tana lissafi a ranta, tana neman inda ta yi kuskure, ko ta faɗi ƙima ba daidai ba, ko abin ya lalace a hanya, ko jikinmu ba irin nasu ba ne. Sannan ta dafa ƙirjinta, hawaye na bin tamojin fuskarta.

"Samihini, ya binti," ta ce. Ki yafe mini, 'yata.

Ba ta ƙara shekara a duniya ba, kuma har ta rasu ba Bahaushen da ya sake hawa mata da ruwa. Ku kuka tashi kuna cewa ciyawar wata 'yar Sin ce ta kashe ubanku, kuka gaya wa 'ya'yanku, ina zaune ina ji.

Rubuta amsar da na ba ta, Jamila, kada ki tsallake. A gaban matan Misfala duka, na dubi tsohuwar nan na ce mata na yafe.